Kan Tsuntsun Bodil

Duk tsibirin Mors, idan mutum ya sayi na'urar neman ƙarfe ya rasa wane faifai zai ɗaura mata, wurin Ejnar Dalsgaard ake tura shi. Faifai shi ne zagayayyen abin nan da ke ƙarshen sandar, wanda ake shafawa a kan ƙasa dama da hagu, shi ne kunnen na'urar. Ejnar ya shekara arba'in yana gyaran rediyo da talabijin a wani ɗan shago kusa da tashar bas, har zamani ya kawo kayan da ba a gyarawa sai dai a jefar, ya rufe shagon ya koma gida da akwatunan wayoyinsa. Bai taɓa aure ba. Dogo ne siriri, mai tafiya a sunkuye kamar wanda ya yar da allura, kuma magana ba ta dame shi ba sai an taɓo zancen faifai. Nan fa sai ka nemi kujera.

"Babban faifai nisa yake ji," haka yake fara wa duk sabon shiga, "amma kurma ne a cikin taro. Kai shi gonar da babu ƙusa, zai jiyo maka tsohon sule yana kwance taƙi biyu a ƙasa. Kai shi inda aka taɓa yin gida ko maƙera, ƙusa goma za su shiga ƙarƙashinsa lokaci ɗaya su yi ta gurnani, azurfar da ke tsakaninsu ko tarinta ba za ka ji ba. Can ƙarami ake kaiwa, mai inci shida. Ba ya nisa, amma yana bi tsakanin ƙusa da ƙusa."

Mu 'yan ƙungiyar masu neman ƙarfe, Sarkin Faifai muke kiransa. Abin haushin shi ne duk wannan sani bai tsinana masa komai ba. Shekara talatin yana taka taɓo, abin da ya tara maɓallai ne, da kwanson harsashi, da ƙararrawar saniya, sai wasu 'yan sulalla da gidan tarihi ya gode masa a kansu da wasiƙa mai layi biyu.

Amininsa Verner Krogh kuwa, tsohon ma'aikacin jirgin fito, gajere mai tumbi da dariyar da ake ji daga gona uku, ko takardar da ke zuwa cikin kwalin na'ura bai taɓa buɗewa ba. Kunnawa yake ya kama tafiya yana waƙa, sa'a kuma ta bi shi kamar karen gida. Shi ne ya samo tsuntsun.

Shekara goma sha huɗu ke nan, a gonar wani manomi Aage da ke gangarawa bakin ruwa. Na'urar Verner ta yi ƙara, ya tona, ya cusa kai cikin rami yana lalube. Matarsa Bodil, wadda ta kawo masa kofi da baƙin burodi, ta sa takalmi ta farfasa ɓurɓushin ƙasar da ya watso gefe, ta sunkuya ta ce, "Tsoho, wannan kake nema?" Maɗaurin mayafi ne na azurfa da aka shafa wa ruwan zinariya, tsawon ɗan yatsa, mai siffar tsuntsu da fukafukai a naɗe. Sai dai garma ta riga ta fille masa kai. Irin wannan abu mallakar gwamnati ne, don haka aka kai gidan tarihi, aka sa shi cikin gilashi da ɗan kati mai sunan Verner. Amma kowa ya san tsuntsun Bodil ne. Ta manna hotonsa a jikin firji, ta sa biro ta zana masa kai mai dogon baki kamar na balbela. Verner ya ce ina, gajeren baki ne mai lanƙwasa irin na shaho. Wannan musu bai taɓa tsallake Lahadi ɗaya ba.

Ejnar ya sani, domin a gabansa ake yi. Tun ranar da aka binne mahaifiyarsa, shekara ashirin da shida da suka wuce, Bodil ta ajiye faranti na uku a teburinta ba tare da ta tambayi kowa ba. Dafaffen dankali, nama da miyarsa, jan kabeji, da kujerar bakin taga wadda ko jikokin gidan sun san ba a hawanta. Ejnar ba shi da wani wuri a duniya da ake jiransa in ba nan ba.

Akwai wata doka tamu da ba a rubuta ba. Gona ta wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar manomi ya roƙa ce, wanda yake kai masa kwalbar giya duk Kirsimeti yana nuna masa abin da ya tsinta. Aboki yana iya shiga tare da kai, amma ba ya shiga a bayan idonka. Gonar Aage ta Verner ce, kuma ya share ta kaf yana neman kan nan, ban da kusurwa ɗaya inda aka taɓa yin maƙera. Can na'ura ba ta komai sai gurnani.

Kakar bara waccan 'ya'yansa suka haɗu suka saya masa sabuwar na'ura don ya cika saba'in. Ya ɗauko ta ya faɗo ɗakin aikin Ejnar ko ƙwanƙwasawa bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Faifai, talakanka ya zo neman shawara. Kan nan yana kusurwar maƙera, na rantse. Ko'ina na duba sai can. Wane faifai zan saya wa amaryar nan?"

Ejnar ya san amsa. Tana rataye a ƙusa bayan kan Verner, ɗan faifai mai inci shida da ko saye ba sai an yi ba. Ya dubi sabuwar na'urar, ya dubi mutumin da har yau shi yake juya masa batir idan ya sa shi a baibai. Sai ya hango a ransa kati na biyu cikin gilashi, da sunan Verner a kai, da 'yan ƙungiya suna tafa masa kafaɗa, shi kuma yana gefe riƙe da kofi. Ya kawar da idonsa daga ɗan faifan.

"Shekara dubu fa ake magana," in ji shi. "Ya nutse. Sayi mai inci goma sha biyar."

"A'a, ba kai kake cewa babba kurma ne cikin ƙusa ba?"

"Tsoffin na'urori ke nan. Wannan taka tana tacewa."

"To, kai ne likita," Verner ya ce, ya doki bayansa ya fita yana fito.

Ƙaryar duka ba ta kai minti ɗaya ba. Ejnar ya gaya wa kansa cewa wasa ne, mako biyu zai bar shi ya sha wahala, sannan ya miƙa masa ƙaramin su yi dariya. Mako biyu ya zama wata biyu. Faifai mai inci goma sha biyar nauyi gare shi kamar murfin babbar tukunya, kuma a ƙarshen sanda yake, hannu ɗaya ke lilo da shi. Daga ɗaya gefen gonar Ejnar yana kallon tsohon yana shafa kusurwar nan, ya tsaya ya murza kafaɗa, ya canza hannu, ya ci gaba. Ranar da iska ta fi ƙarfi a watan Nuwamba aka ji Verner ya yi ƙara ya saki sandar. Jijiyar kafaɗa ce ta tsinke. Likitoci suka sa masa ranar aiki a farkon Maris.

Verner yana kwance a asibiti da kwana biyu, ƙanƙara ta saki ƙasa, Ejnar ya ɗaura ɗan faifansa da safe ya tuƙa zuwa gonar Aage. Cewa ya yi gwadawa kawai zai yi, ya ga ko hasashensa daidai ne. Ya shiga kusurwar a hankali, taku ɗaya shafa uku. Ƙusa nan, ƙusa can, gurnani ta ko'ina. Bai cika minti arba'in ba, tsakanin gurnani biyu, ya ji wata siririyar ƙara tsaf kamar an taɓa kofin gilashi da cokali. Ya tona, zurfin yatsu huɗu kacal, sai ga kan tsuntsun. Girmansa bai wuce farcen babban yatsa ba, da ido na jan dutse, da baki gajere mai lanƙwasa.

Shekara talatin yana jiran irin wannan safiya, ga ta ta zo, ba shi da wanda zai yi wa ihu. Ya ciro waya ya nemo sunan Bodil. Me zai ce mata? Ga shi a gonar mijinta, mijin yana kwance, a hannunsa kuma ga faifan da ya hana shi amfani da shi? Ya adana wurin a wayar kamar yadda ya saba, ya cike ramin, ya koma gida. A can ya yi abin da ya hana sababbin shiga ɗari yi. Ya sa burushin haƙori da sabulu ya wanke kan tas, don yana son ganin idon da kyau. Sannan ya naɗe shi a auduga ya sa a tsohon gwangwanin tabar mahaifinsa.

Lahadi ya tafi da gwangwanin a aljihun kwat, ya shirya maganarsa tun a mota. Ya tarar an sallamo Verner, hannu a rataye, Bodil tana yayyanka masa nama kamar yaro.

"Ka ji labari?" in ji Verner. "Aage ya ce ya hango wani daga nesa a kusurwata ranar Laraba. 'Yan babban gari ne, ɓarayin gona. Da ina da hannu biyu da sun gane kurensu."

"Mutumin da zai jira sai ɗan'uwansa yana kwance a asibiti ya lallaɓa masa gona," Bodil ta ce tana girgiza kai, "ni ko ruwa ba zan ba shi a gidana ba. Ejnar namu, ƙara dankali mana, duk ka bushe."

Ya ƙara dankali. Ya ci, bai san me yake ci ba. Da aka zo musun baki, Bodil ta nuna firji da wuƙa ta ce, "Alƙali, faɗa masa gaskiya, dogo ne ko ba dogo ba?" Ejnar ya ce shi bai sani ba, gwangwanin kuma yana rataye a bayan ƙofa taku uku daga inda take tsaye.

Daga nan kowane mako maganar ƙara nauyi take. A makon farko laifin kwana huɗu ne. Bayan wata uku sai ya bayyana dalilin shirun wata uku ma. Ya daina barci sosai, ya daina zuwa taron ƙungiya. Wani saurayi ya tako har gida ya tambaye shi faifai, ya ce masa ya je ya tambayi mai shago.

Da rani Bodil ta fara ramewa. Ta ce ai gara, dama siket ɗinta sun matse ta. Kafin a gama girbi likitoci sun faɗi sunan ciwon, kuma sun ce ya yi nisa. Wata la'asar a watan Disamba Ejnar ya je duba ta a asibiti, da gwangwanin a aljihu, domin yanzu ba ya fita sai da shi. Verner ya sauka neman kofi, aka bar su su biyu. Ta koma 'yar mitsitsiya a cikin farin zanen gado, amma bakin nan nata yana nan.

"Matso, Ejnar namu. Ina da aike. Ka taimaki tsohon nan ya samo min kan tsuntsuna. Shi ƙarfi gare shi, shi ma ya ƙare, kai ke da kunne. Na so in ga bakin nan da idona in rufe masa nasa bakin, amma da alama ba zan jira ba."

Hannunsa yana cikin aljihu, yatsunsa a kan murfin. Abin da ya rage ya ciro ne kawai. Za ta ga idon jan dutsen, za ta yi dariya ta ce tsohon banza ya ci musu, wataƙila ma ta yafe. Amma da farko za ta dube shi, kuma wannan kallon ne ya kasa ɗauka.

"To, Bodil," in ji shi.

Bayan kwana tara ta rasu. Ni dai a ganina nan laifin Ejnar yake. Ƙaryar faifai hassada ce ta minti ɗaya, wadda babu ɗayanmu da bai taɓa jin irinta ba ganin ɗan'uwansa ya durƙusa yana ihu a can gefen gona. Amma a ɗakin asibitin nan ya auna mutuncinsa da murnar mace mai mutuwa, ya zaɓi mutuncinsa. Shi ma ya san haka, kuma bai taɓa neman wani suna mai sauƙi ya ba abin ba.

Verner ya rataye na'urarsa a gareji, bai ƙara taɓa ta ba. Waƙa ta tsaya, fito ya tsaya. Lahadi kaɗai ce ba ta tsaya ba. Yakan dafa dankali ya ƙone ko ya fito da shi ɗanye, ya ajiye faranti biyu, su zauna su ci shiru. "In ba don kai ba," ya ce masa wata rana, "da sai in yi mako ban ji muryar mutum a gidan nan ba." Hoton tsuntsu yana nan a firji da dogon bakinsa na biro, daidai inda idon mai zama a kujerar taga yake sauka.

Bana, da Aage ya gama huɗa, Ejnar ya yanke shawarar da yake gani za ta fitar da shi ba tare da ya rasa kujerarsa ba. Ranar Juma'a da safe ya koma kusurwar, waya ta kai shi daidai wurin, ya tona zurfin yatsu huɗu. Ya cakuɗa kan da taɓo, ya kwantar da shi, ya rufe, ya baje ƙasar da tafin hannu. Daga nan ya wuce gidan Verner.

"Gobe za mu gona."

"Da wace kafaɗar?"

"Ina da ɗan faifai, bai kai nauyin faranti ba. Na yi wa Bodil alkawari, Verner."

Jin haka, tsohon ya shiga neman takalman taɓonsa.

Asabar suka tafi a motar Ejnar, ana yayyafi. Da Verner ya ga faifan sai ya ɗaga gira. "Inci shida? Ba kai ka ce ya nutse ba?"

"Na yi kuskure."

"Jama'a, a kawo biro! Sarki ya yi kuskure!" Ya yi dariya, irin wadda ba a ji ba tun Disamba, har tsuntsayen ruwa suka tashi. Dariyar ta soki Ejnar fiye da zagi.

Ya bar shi ya yi ta yawo cikin ƙusoshi kusan rabin awa, sannan ya ce ya ɗan matsa hagu, wajen farin dutsen can, ƙasar ta fi kyau. Verner ya matsa. Ya shafa, ya wuce, ya dawo, ya tsaya cak. Ya durƙusa da ƙyar, ya sa ɗan shebur, ya ɗebo ƙasa a tafin hannu yana tsincewa. Sai Ejnar ya ga bayansa yana girgiza.

"Gajere ne," Verner ya ce. "Duba, Sarki. Gajere ne, mai lanƙwasa. Ni na yi gaskiya." Ya share hanci da bayan hannu. "To wa zan gaya wa?"

Ya tofa yawu a babban yatsa ya goga a hankali don ya ga idon. Taɓon ya sulale gaba ɗaya. Zinariyar ta fito fes, jan dutsen yana ƙyalli, 'yan siraran layukan da maƙeri ya zana a wuyan tsuntsun babu ko ƙwayar ƙasa a cikinsu. Verner bai taɓa karanta shafi ɗaya a kan na'ura ba, amma ya shekara talatin yana ciro abubuwa daga ƙasar nan da yatsunsa. Ya daɗe yana kallo. Ya kai abin hanci ya shinshina.

"Ejnar," in ji shi. Rabon da ya kira shi da sunansa har an manta. "Ƙasar da ta shekara dubu a jikin abu ba ta fita da yawu. Kai ka koya min. Kuma warin taba yake."

Verner ya ɗago ya dube shi.

"Yaushe?"

"Maris ɗin bara."

"Ina asibiti."

"Kana asibiti."

"Da wannan faifan."

"Da shi."

Verner ya dubi ɗan faifan, ya kai hannu ya taɓa kafaɗarsa, kamar yanzu ne ya ji ciwon. Sannan ya ce a hankali, "Tana da rai. Wata tara tana da rai." Ya ɗaga kai. "Ranar da ka je ka gan ta, na sauka neman kofi. Yana ina?"

"A aljihuna."

Verner bai yi ihu ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya mayar da ƙasa cikin ramin, ya miƙe, ya tattake ta da kyau kamar yadda muke yi a gonar mutane. Ya ciro 'yar ledar da ake sa tsintuwa, ya saka kan, ya miƙa wa Ejnar tare da biro.

"Rubuta. Ranar gaskiya, da sunanka. Ai shi kake so. Ni ba zan kai wa gidan tarihi ƙarya ba."

Ejnar ya rubuta, yayyafi na ɓata tawadar. Ko da ya ɗago, Verner ya kwantar da na'urar a ƙasa ya kama hanyar fita. Ya isa wurin mota, ya wuce ta, ya hau titi.

Kilomita takwas ne zuwa gida. Ejnar ya kwashi kayan ya tayar da mota ya bi shi. Ya kasa wuce shi, ya kuma kasa tsayawa ya buɗe masa ƙofa, don haka ya yi ta binsa a baya da saurin ƙafa, tsohon yana tafe a gefen titi, kafaɗa ɗaya a karkace, ruwa na zuba daga hularsa, bai waiga ba ko sau ɗaya. Motoci suka riƙa yi wa Ejnar oda suna kewaye shi. Haka har ƙofar gidan.

Verner ya shiga ya rufe. Ejnar ya kashe mota ya zauna, ledar a cinyarsa. Ta tagar kicin ya ga tsohon ya tsaya gaban firji da jiƙaƙƙun kayansa, ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya juyo, ya sa hannunsa mai lafiya ya ɗaga kujerar bakin taga, ya fita da ita ta ƙofar baya zuwa gareji.